Fitar da kusurwoyin gona a manhajar taswira: tambayoyi da amsoshi

Gonata a fadamar Rima ba murabba'i ba ce, ta lanƙwashe ta bi bakin ruwa. Ta yaya zan samu lambobin kusurwoyinta?

In da manhajar taswira ta QGIS kake aiki, wadda kyauta ce, shiga Vector, sai Geometry Tools, ka zaɓi Extract Vertices. Za ta ɗora ɗigo a duk inda layin iyaka ya karya, kowanne da lambarsa, ana fara ƙirge daga 0. Daga nan ka bi ɗigogin da Add Geometry Attributes, lambobin gabas da na arewa su fito a tebur. A manhajar ArcGIS kuwa sunan aikin Feature Vertices To Points.

Kusurwa bakwai na ƙirga, takwas suka fito.

Ba kuskure ba ne. Ɗigon farko ne aka maimaita a ƙarshe don zanen ya rufe. Goge na ƙarshen.

Na zagaye gonar da waya, sai ga ɗigo wajen 300. Wanne ne kusurwa?

Yawancinsu rawar GPS ce kawai, don waya kan kauce da mita 3 zuwa 5. Yi amfani da Simplify, wadda ke rage yawan ɗigogi a zane, ka ba ta mita 3, ka duba abin da ya rage. Amma tukuna ka mayar da zanen ma'aunin mita. In yana kan digiri ka rubuta 3, ka ce mata digiri 3 ke nan, fiye da kilomita 300, gonar ta lalace gaba ɗaya.

Kuma Simplify ba ta san iyaka ba. Tana iya haɗiye ƙaramar kwanar da ke gindin aduwa, ko inda jerin gamba ya raba ka da maƙwabci, alhali irin wurin nan ne ake rigima a kansa. Mun fi son a tsaya a kowace kusurwa, tare da maƙwabcin, a ɗauki ɗigo ɗaya bayan lambobin sun natsu.

Wane ma'aunin mita ya dace da Sakkwato?

Birnin Sakkwato, Wamakko, Wurno da Goronyo suna shiyya ta 31N a tsarin UTM mai aiki da mita, lambarta a manhaja EPSG:32631. Gabas da digiri 6, wajen Isa da Sabon Birni, 32N ne, EPSG:32632.

Lambobina sun saɓa da na takardar safiyo.

Duba takardar da kyau. Da yawa an auna su ne a tsarin awo na Najeriya mai suna Minna, waya kuwa tsarin duniya na WGS 84 take bi, kuma tsakaninsu akwai gomomin mitoci. Shigar da lambobin takardar a tsarinsu na asali, sannan ka juya su da Reproject Layer kafin ka kwatanta.