Waiwaye: Daga Ina Ɗakin Zane Ya Shigo Jami'a?

Wanda ya taɓa leƙa sashen koyar da zanen gine-gine a jami'a da tsakar dare, da wuya bai tarar da ɗaki guda fitilarsa na ci ba. Tebura ne birjik, kowane ɗalibi da nasa, ga takardu, ga guntayen kwali da gam, ga ɗan samfurin ginin da ba a ƙarasa ba. Shi ne ake kira situdiyo. A nan ba a zama a naɗe hannu malami na bayani. Aiki ake ba ɗalibi, a ce ga fili, ga abin da ake so a kansa, asibiti ko makaranta, shi kuma ya yi makonni yana zanawa yana gogewa, malami na bi tebur-tebur yana dubawa. Ranar ƙarshe ɗalibin ya manna aikinsa a bango, ya tsaya gaban alƙalai ya kare shi.

Ba jami'a ce ta ƙirƙiro wannan tsari ba, tarar da shi ta yi.

A 1671 Sarki Louis na 14 na Faransa ya kafa makarantar gine-gine ta masarauta a Faris, François Blondel ya zama shugabanta na farko. Lacca ake yi a can, zane kuwa a wurin ubangida ake koyonsa kamar yadda aka saba tun dā. A 1720 aka soma gasar shekara-shekara, wadda ta zama hanyar zuwa Rum ƙaro ilimi da kuɗin hukuma. Daga wannan tushe makarantar fasaha ta École des Beaux-Arts ta tsiro, ta tsaya da ƙafarta a 1819, kuma a cikinta ne situdiyo ya sami kamannin da muka sani.

Makarantar ita ke ba da aiki, ita ke yanke hukunci, amma koyon kansa a ɗakunan da ke wajenta ake yi. Sau da yawa ɗalibai ne ke kama hayar ɗakin, su haɗa kuɗi, su nemi wani gogaggen mai zane ya zama ubangidansu. Shi lokaci-lokaci yake leƙowa. Sauran kwanakin, tsofaffin ɗalibai ke gyara wa sababbi hannu, sababbi kuma su taya manya shafa tawada da launi idan wa'adi ya matso. Farkon kowane aiki, a kulle ɗalibi shi kaɗai a ɗan ƙaramin ɗaki na wajen awa 12 ya fitar da zanen farko, kuma duk abin da zai kawo daga baya dole ya bi wannan zanen, in ya kauce a jefar da aikin. Ranar miƙawa akan turo amalanke a kwashi allunan, wasu ɗaliban har kansa suke hawa suna ƙarasa zane a hanya. Sunan amalanken nan da Faransanci, sharet, shi masu sana'ar ke kiran aikin gaggawa na kwanakin ƙarshe har gobe. Alƙalai kuwa ƙofa suke rufewa, mai aikin ba ya wurin.

A nan, a ganina, abu biyu suka taso tare har aka ɗauka tagwaye ne. Na farko koyo da hannu, kusa da wanda ya fi ka sani. Na biyu gasa, da rashin barcin da take jawowa. Na farkon ilimi ne. Na biyun tsarin rabon lambar yabo ne kawai, amma ya maƙale wa na farkon, duk inda aka kai ɗaya sai ɗayan ya bi.

An kuwa kai shi nesa. A Ingila matasan da ke koyo a ofisoshin iyayengiji sun gaji da biyan kuɗi ana sa su kwafe-kwafe, suka kafa ƙungiyarsu ta Architectural Association a Landan a 1847. A Amurka, William Ware ya buɗe darasin gine-gine a jami'ar MIT a 1868, ya ɗauko Eugène Létang, ɗalibin Beaux-Arts, ya koyar da zane. Daga nan ɗakin ya zauna a cikin jami'a, da maki da jadawali.

Sai makarantar Bauhaus, wadda Walter Gropius ya kafa a Weimar ta Jamus a 1919. Ta ce a daina kwaikwayon ginshiƙan Girka da Rum, a fara da taɓa katako da ƙarfe da takarda a ga abin da kowanne zai iya. Sashenta na gine-gine ma sai a 1927 aka buɗe, a 1933 kuma matsin 'yan Nazi ya sa aka rufe ta. Gropius ya koma Jami'ar Harvard a 1937, shugabanta na ƙarshe Mies van der Rohe ya koma Chicago a 1938. Abin da ake zanawa ya canza ƙwarai, ɗakin da teburin da wa'adin suna nan. Abin da ya ƙaru a tsakiyar ƙarni na 20 shi ne buɗe ƙofar alƙalanci, ɗalibi ya tsaya a soki aikinsa a bainar jama'a. A Faransa kanta, boren ɗalibai na 1968 ne ya raba karatun gine-gine da Beaux-Arts.

Wanda ya fi kowa bayyana abin da ke faruwa a bakin teburin shi ne Donald Schön na MIT, a 1983. Ya nuna cewa mai zane yana tunani ne da hannunsa: ya ja layi, layin ya nuna masa matsalar da bai hango ba, ya sake ja. Ba a iya zuba wannan a lacca, sai an zauna kusa da mai yi. Amma a 1991 Kathryn Anthony ta binciki zaman alƙalai, ta nuna yadda ɗalibi ke zuwa a gajiye, a tsorace, ya fita bai riƙe abin kirki daga sukar ba. A 2002 ƙungiyar ɗaliban gine-gine ta Amurka ta fitar da rahoto kan al'adar kwana a situdiyo, kuma a 2004 hukumar tantance makarantun ƙasar ta wajabta wa kowacce ta rubuta ƙa'idar yadda ake zaman ɗakin. Abin da ke damuna shi ne har yanzu akwai malaman da ke auna himmar ɗalibi da jan idonsa, alhali gadon amalanke ne, ba sharaɗin iya zane ba.

Wasu sun fitar da ɗakin waje gaba ɗaya. Tun 1993 ɗaliban Jami'ar Auburn, a shirin da Samuel Mockbee da D. K. Ruth suka kafa, ke zana gidaje suna gina su da hannunsu ga marasa galihu a karkarar Alabama, inda mai gidan ne alƙali na gaskiya. Wasu kuma takarda suka ajiye, kamar Jami'ar Columbia da ta buɗe situdiyon kwamfuta zalla a 1994.

Da annobar korona ta rufe jami'o'i a 2020, malami ya ci gaba da duba zane ta intanet, alƙalai ma suka yi zamansu ta bidiyo. Abin da ya gagara a tura ta waya shi ne ɗalibin teburin gefe, wanda zai leƙo ya ce, “Wannan matakalar taka ina za ta fita?”