An Ɗaure Shi Kan Tabar Wiwi: Yadda Ake Ɗaukaka Ƙara

Idan aka ɗaure yaro kan tabar wiwi, iyaye kan shafe watanni suna kai-komo, yau gidan wane, gobe ofishin wane, ana neman mai sa baki. Kafin su farga lokaci ya ƙure. Wanda Babbar Kotun Tarayya ta samu da laifi, kwana 90 doka ta ba shi daga ranar hukunci ya kai kukansa Kotun Ɗaukaka Ƙara. A rajistarar kotun da ta yanke hukuncin ake shigar da takardar ɗaukaka ƙarar. Wanda ya makara sai ya roƙi ƙarin lokaci da takardar rantsuwa, kuma ana iya hana shi.

Abin ba na wasa ba ne: sashe na 19 na dokar hukumar NDLEA, mai yaƙi da sha da fataucin miyagun ƙwayoyi, ya tanadi ɗaurin shekara 15 zuwa 25 ga wanda ya mallaki irin waɗannan kaya da saninsa.

Ba sabuwar shari'a za a buɗe ba. Alƙalai uku ne za su duba abin da aka rubuta a kotun farko, lauya ya nuna musu inda aka yi kuskure. Shin an gwada ganyen a ɗakin bincike an tabbatar wiwi ce? Ƙunshin da aka kama shi ne wanda aka gwada, shi ne kuma aka kawo gaban alƙali? An tabbatar ya san abin da ke ciki? Direban da aka samu buhu a but ɗinsa, alhali na fasinja ne, a nan kariyarsa take.

Maganar tafinta ce ta fi ci mini rai. Sashe na 36 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce a bayyana wa mutum tuhumarsa da harshen da yake ji, a kuma ba shi tafinta kyauta. Yaron da aka karanta wa tuhuma da Turanci, bai fahimta ba ya ce "na yi", yana da abin kafawa hujja. Amma wanda ya amsa laifi da cikakkiyar fahimta, galibi tsananin hukuncin kaɗai zai iya ƙalubalanta.

Beli kafin a gama sauraron ƙarar da wuya a samu, sai da dalili na musamman irin su ciwo mai tsanani. Marar kuɗin lauya ya nemi hukumar ba da tallafin shari'a ta ƙasa. In an faɗi a nan ma, sauran Kotun Ƙoli, amma can kwana 30 ne kacal.