Fargabar da ke cin matasa a gidajen marayu: tambayoyi da amsoshi

Wace irin fargaba ake nufi?

Kowane yaro gabansa na faɗuwa ranar jarrabawa, da an fito kuma ya manta. Wadda muke magana a kai ita ce mai zama daram wata da watanni, ta hana barci, ta hana karatu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗaya cikin 7 na 'yan shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata matsalar ƙwaƙwalwa, kuma fargaba na sahun gaba.

Yaya ake gane ta?

Da wuya matashi ya buɗe baki ya ce yana cikin zullumi. Jiki ne ke faɗa: ciwon ciki kullum da safe, likita ya duba bai ga komai ba, ko bugun ƙirji, ko fitsarin kwance bayan an daɗe da dainawa. Za ka ga yarinya 'yar shekara 14 ta ci ta ƙoshi, amma ta tura guntun burodi ƙarƙashin katifa. Wani da an buga ƙofa sai ya zabura. Wani kuma tasa faɗa ce da taurin kai, sai a ce ba ya jin magana, a ɗauko bulala. Wannan ya fi komai ba ni tausayi, domin tsoro ake duka, tsoron kuwa ƙaruwa yake.

Ga abinci, ga makwanci, ga makaranta. To me ya rage?

Mutum ɗaya da yaro zai ce nasa ne. A gidan marayu masu raino aikin karɓa-karɓa suke yi. Yaro ya shaƙu da wadda yake kira Mama, sai a yi mata canjin wurin aiki, ya koma kamar an sake yi masa mutuwa. Bayan faɗuwar gwamnatin Ceausescu a Romaniya a 1989, masana sun bibiyi yaran gidajen marayu na birnin Bukares tun daga 2000. Sun ga waɗanda aka ba wasu iyalai riƙonsu da wuri sun fi waɗanda aka bari a gidajen natsuwa da ci gaban ƙwaƙwalwa.

Balaga kuma tana zuwa da nata tambayoyin. Wane ne ubana? In na cika 18 ina za ni? A ƙasar Hausa ba a ɗaura aure sai an binciki asali, an nemi waliyyi. Yarinyar da aka tsinta tana jaririya ta san da wannan tun kafin wani ya ce yana sonta, ga gorin da take sha a makaranta. A Maiduguri kuwa akwai waɗanda aka kashe iyayensu a gaban idonsu a rikicin Boko Haram.

Ruƙiyya ba ta isa ba?

Addu'a na kwantar da zuciya, babu mai hana ta. Amma a haɗa da asibiti idan yaro ya daina cin abinci, ko yana yankar jikinsa, ko ya fara zancen gara ya mutu. Wannan ba a kwana da shi. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Dawanau a Kano, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri. Zuwa can ba ya nufin yaro ya haukace.

Me mai raino ko mai kai ziyara zai yi?

A gaya wa yaro gaskiya kafin kowane canji, kada ya wayi gari ya ga Mamarsa ta tafi ba sallama. A fara koya masa sana'a, a nemo dangi tun yana 15, domin da yawa cikin yaran nan suna da 'yan uwa a raye, talauci ne ya raba su. Mai kai buhun shinkafa da azumi, Allah ya saka masa. Amma in zai iya, ya zaɓi yaro ɗaya, ya riƙe sunansa, ya riƙa zuwa duk Juma'a, ranar da ba zai samu zuwa ba kuma ya aiko masa da saƙo.