Idan Mai Zane Ya Buɗe Ƙofarsa a Sakkwato: Tambayoyi da Amsoshi

Mutane da yawa a Sakkwato sun san mai zane ta allon shago ko hoton wani babba da aka rataye a ofis, amma ba su taɓa shiga inda yake aiki ba. Ga wasu tambayoyi da ake yawan yi a kan ranar buɗe ɗakin zane da baje koli, da kuma inda masu wannan sana'a ke samo abin da suke zanawa.

Mece ce ranar buɗe ɗakin zane, kuma me ya bambanta ta da baje koli?

Rana ce, ko 'yan kwanaki, da mai zane ke warewa ya ce kowa ya zo ya ga inda yake aiki ba tare da an biya kuɗin shiga ba. A baje koli, ayyukan da aka kammala ake zaɓa, a sa musu firam, a kai su wani zaure a jera, kowanne da sunansa da shekarar da aka yi shi. A ɗakin zane kuwa komai a fili yake. Za ka ga aikin da aka fara aka ajiye, da wanda ya ƙi daɗi aka juya fuskarsa bango, da littattafan gwaji cike da zanen fensir da gawayi, da gwangwanayen fenti da burushin da ya gaji. Uwa uba ga mai aikin nan tsaye, kana tambaya yana ba ka amsa. A ganina wanda bai saba da zane ba ya fi ƙaruwa a nan, domin yana ganin hanyar da aka bi kafin a kai ga abin da ke burge shi.

Wannan ba al'adar Turawa ba ce aka kwaso mana?

Sanya wa abin rana da buga sanarwa a Facebook ko WhatsApp shi ne sabo. Yin sana'a a gaban jama'a kuwa tsohon abu ne a garin nan. Baduku a zaure yake ɗinkin fata, masu wucewa na tsayawa suna kallo. Maƙeran Assada a fili suke zuga wuta suna dukan ƙarfe. Mai rini a bakin karofi yake, mai ɗinkin hula a gindin bishiya. Ta haka yaro ke fara sha'awar sana'a tun kafin a kai shi koyo, ta haka kuma mai saye ke sanin hannun wa ya fi kyau. Mai zanen zamani ne ya shige ɗaki ya rufe ƙofa, wataƙila don haka ya ga ana yi a makaranta. Idan ya buɗe, ya koma kan tsarin iyayen gidansa ne na sana'ar hannu.

Daga ina mai zane a Sakkwato ke samo abin da zai zana?

Wanda ya buɗe ido ba zai rasa ba, tun daga cikin gari. Akwai Hubbaren Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya rasu a 1817, da baƙin da ke zuwa ziyara daga nesa da irin shigarsu daban-daban. Akwai ƙofar fadar Sarkin Musulmi ranar hawan sallah, da dawaki cikin ado da dogarai cikin ja da kore. Idan aka nufi mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ga fadamar Kwalkwalawa a bakin gulbin Rima, kore shar da rani yayin da tudu ya bushe ƙamas. Ga raƙuma ɗauke da kaya a hanyoyin ƙauye, ga tulin albasa a kasuwa, ga shinkafar Wurno inda kabarin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yake. Masu son taron jama'a da motsi kan leƙa Argungu a jihar Kebbi lokacin bikin kamun kifi, su zana masunta da homa da gora suna rugawa cikin ruwa.

Amma abin da ya fi wannan zurfi shi ne zanen da muka gada, wanda sau da yawa ba ma ɗaukarsa a matsayin zane. Ɗauki Alƙur'ani rubutun hannu a ruwayar Warshu. Baƙaƙen da baƙar tawada ake rubuta su, wasulla da ja, hamza da rawaya, sannan a gefen shafi ga zayyana mai da'ira ko murabba'i da ke nuna hizbi da rubu'i da wurin sujada. Wanda ya tsara wannan shafi ya san ma'aunin launi da na fili sarai. Haka allon zayyana da ake yi wa mai saukar karatu, da aikin allura a wuyan babbar riga, da zanen da ake yi wa ƙwarya da wuƙa ko da ƙarfe mai zafi, da adon bangon gidan ƙasa da ake shafe shi da makuba. Duk waɗannan makaranta ce. Mai son ganin tsofaffin kayan tarihi da rubuce-rubucen hannu yana iya zuwa gidan adana tarihi na Waziri Junaidu ya zauna da littafin gwajinsa.

Wannan shawara ta waiwayar gida ba yau aka fara ta ba a Najeriya. A 1958 wasu ɗaliban zane a kwalejin Zariya, wadda daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, sun kafa ƙungiya suka ce ba za su tsaya ga koyarwar Turawa kaɗai ba. Cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Okeke ya koma ga zanen uli da matan Ibo ke yi a jiki da bango, Onobrakpeya ya ɗebo daga tatsuniyoyin Urhobo, suka haɗa da dabarun da suka koya a aji. Yau duniya ta san su. Abin da uli ya yi wa Okeke, zayyana da aikin dukanci na iya yi wa ɗan Sakkwato. Abin da nake roƙo kawai shi ne a wuce dagin Arewa. Alama ce mai daraja, amma an manna ta a ƙofa da kalanda da bangon kowane ofis, har wasu matasa na ganin da zarar sun sa ta a tsakiyar kyalle sun gama zanen gargajiya, alhali akwai siffofi masu ɗimbin yawa a jikin jakar fata ɗaya da ba wanda ya tsaya ya nazarta.

Ana iya yin zanen zamani da kayan gida, ko dole sai fentin kanti?

Ana iyawa, kuma a nan Sakkwato ta fi garuruwa da yawa gata. Fatar jar akuyar Sakkwato ta yi suna tun zamanin fatake, lokacin da ake ketare Sahara da ita zuwa arewacin Afirka, daga can ta isa Turai inda ake yi wa littattafai bango da ita ana kiran ta fatar Maroko. Majema na jiƙa fata su cire gashin, su jeme ta da 'ya'yan bagaruwa. Jan launi daga karan dafi ake samunsa, baƙi daga kuloko, shuɗi daga baba, rawaya daga gangamau. Tawadar allo kuma da gawayi ko baƙin tukunya da ƙaro ake haɗa ta. Mai zane na iya yin aikinsa kai tsaye a kan jemammiyar fata, ko ya yanka guntayen fata masu launi ya jera su su ba da siffa, ko ya niƙa jar ƙasa da farar ƙasa ya dama da ƙaro ya shafa a takarda mai kauri.

Sai dai a faɗi gaskiya, launin itatuwa na kodewa idan rana ta daɗe tana dukansa, fata kuma na son a kiyaye ta daga laima da ƙwari. Wanda ya sayi irin wannan aiki ya tambayi mai shi yadda ake adana shi. Fentin mai da na akirilik sun fi jure wahala, shi ya sa da yawa ke haɗa su da kayan gida, ga shi kuwa yawancin fentin kanti daga waje ake shigo da su, farashinsu na bin dala.

Ina matsayin addini a kan zane? Wannan ne ke hana wasu zuwa.

Tambaya ce ta gaskiya, bai kamata a kauce mata ba a garin Shehu. Akwai hadisai ingantattu masu tsoratarwa a kan suranta abu mai rai. Akwai kuma ruwayar da ta zo cikin Bukhari da Muslim, inda wani mai sana'ar zane ya zo wa Abdullahi ɗan Abbas, Allah ya yarda da su, ya ce da wannan yake ci, sai ya gargaɗe shi, ya ce idan ba makawa sai ya yi to ya zana bishiyoyi da abin da ba shi da rai. Malamai sun yi bayani mai faɗi a kan bambancin mutum-mutumi mai inuwa da zanen da ke shimfiɗe a takarda ko kyalle, kuma maganganunsu sun sha bamban a wasu wuraren. Hukunci na malamai ne, mai tambaya ya je gare su. Abin da ke bayyane shi ne, filin da ba a yi saɓani a kansa ba yana da faɗi ƙwarai: rubutun Larabci da na ajami mai ado, zayyana, gine-gine, gonaki, gulbi, sararin sama. Mai zanen da ya san garinsa kan faɗa a cikin sanarwa irin ayyukan da za a gani, don kowa ya zo da natsuwa.

Wane lokaci ya fi dacewa?

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin sanyi. Zafin Maris zuwa Mayu kan haura digiri 40, ba mai son tsayuwa a ɗaki cike da mutane. Illar hunturu ita ce ƙura, wadda ke mannewa a fentin mai da bai bushe ba, don haka a rufe ɗanyen aiki. Bayan la'asar zuwa magariba ya fi, musamman Asabar da Lahadi. Kwanakin bayan sallah ma suna da kyau, domin 'yan gari mazauna Abuja da Kaduna da Legas na gida.

Idan na je, me ake so in yi, me kuma ba a so?

Ka yi sallama, ka gaisa, ka zaga a hankali. Kada ka taɓa fuskar zane da hannu, ko ya bushe, saboda maiƙon yatsa na barin tabo. Kafin ka ɗauki hoto ka nemi izini, idan kuma ka sa a intanet ka ambaci sunan mai aikin. Tambaya kuwa ka yi ta ba kunya. "Malam, me ya sa ka zaɓi wannan launi?" ta fi faranta ransa a kan yabon da ba a san dalilinsa ba. Ba dole ne ka sayi komai ba. Idan wani aiki ya shiga ranka, ka ja shi gefe ka ce, "Malam, wanga nawa na?" maimakon ka yi ciniki da ƙarfi a gaban baƙi.

Akwai abu ɗaya da mutane ba su cika sani ba. Sayen zane ya ba ka kyallen, amma bai ba ka ikon buga shi a riguna ko kalanda kana sayarwa ba. Wannan haƙƙi na nan a hannun wanda ya zana sai in ya sallama maka a rubuce, kuma dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ta kare shi.

Me ya sa zane ke da tsada haka?

Kuɗin kyalle da katako da fenti da firam, sannan makonnin da aka yi a kansa, sannan shekarun koyo. Mun yarda babbar riga mai aikin hannu ta fi ta keke tsada nesa ba kusa ba, to lissafin ɗaya ne. Wanda aljihunsa bai kai ba ya tambayi ƙananan zanen fensir ko na fentin ruwa. A ranar buɗe ɗaki sukan fi sauƙi, tunda babu dillali a tsakani.

In ana son suna da kasuwa, ba gara a tafi Legas ko Abuja ba?

Can manyan zaurukan baje koli da masu saye suka fi yawa, wannan ba a musu. Legas na da babban baje kolin ART X da aka fara a 2016, Abuja kuma nan ne mazaunin hukumar adana zane-zane ta ƙasa da aka kafa a 1993. Ya dace ɗan Sakkwato ya nemi shiga waɗannan wurare, ya kuma yi rajista da ƙungiyar masu zane ta Najeriya don ya riƙa jin labarin dama. Amma masu zaɓen ayyuka a can suna tambayar tarihin mutum: ina ka taɓa nuna aikinka, wa ya gani, ina hotunan? Ranar buɗe ɗaki da aka shirya da kyau, da littafin da baƙi suka sa hannu da hotuna masu tsabta, ita ce shafin farko na wannan tarihi. Masu zane huɗu ko biyar na iya haɗa kuɗi su karɓi zauren makaranta ko na otal na kwana biyu, su gayyaci baduku da mai zayyana su kawo nasu a jera tare.

Mata da yara fa?

A ware musu lokaci. Akwai mata masu zane da masu lalle da masu saƙa da ba za su shiga cunkoson maza ba, amma idan aka ce safiyar Lahadi ta mata ce, kuma mace ce za ta tarbe su, za su zo, wasu ma da ayyukansu a jaka. Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar naira 20, da ginin tukwane na gargajiya ta fara a ƙauyensu kafin a san ta a ƙasashen waje. Yara kuwa a sanar da makarantun unguwa, na boko da na allo, malami ya kawo su rukuni-rukuni, kada su wuce abin da ɗakin zai ɗauka. A shimfiɗa musu tabarma a tsakar gida ko ƙofar shago, a raba takarda da gawayi, mai zanen ya zauna tare da su ya nuna musu yadda ake fara da'ira da yadda ake raba ta gida takwas.