An gina sabuwar magudana, saura a sake taswirar ambaliya

Jama'a, duk inda aka haƙa babbar magudana aka zuba mata kankare, ko aka faɗaɗa kwalbati a ƙarƙashin titi, akwai sauran aikin da ake yawan mantawa da shi, wato sake zana taswirar ambaliya ta yankin. Wannan taswira ce ke nuna iyakar inda ruwa zai kai idan aka tafka mamakon ruwan sama, da zurfin da zai yi. Da ita hukuma ke ba da izinin gini. Mu ma ma'aikatan lafiya ita muke dubawa kafin mu ce ga inda za a haƙa rijiya, ga inda masai zai zauna, ga ginin da za a kwashe mutane a kai su idan al'amari ya ɓaci.

Magudana ba ta shanye ruwa, hanya take sauya masa. Rafin da a da yake lanƙwasawa, ruwansa na tafiya a hankali yana malala cikin ciyawa, ƙasa na tsotse wani, da zarar an miƙar da shi an shafe shi da siminti sai ruwan ya taru da wuri ya sauko da ƙarfi. Mutanen da ke sama sun huta. Waɗanda ke gangare, inda magudanar ta ƙare ko ta ci karo da tsohuwar gada mai ƙaramin baki, su ruwan zai iske gaba ɗaya cikin ɗan lokaci. Haka idan aka cike kwari aka yi gine-gine a kai, ruwan da ya saba kwanciya a nan sai ya nemi gidan wani.

Saboda haka tsohuwar taswira kan ɓatar da mutane ta fuska biyu. Wani an fitar da shi daga haɗari amma har yanzu ana hana shi gini ko ana tsawwala masa kuɗin inshora. Wani kuma an jefa shi cikin haɗari, takarda na ce masa yana kan tudu. Wannan na biyun ne ya fi damuna, domin shi zai kwanta barci da yaransa hankali kwance.

A fahimci wani abu game da layin da ke kan taswirar. Galibi ana zana shi ne bisa abin da ake kira ambaliyar shekara ɗari. Ba ana nufin sai bayan shekara ɗari take dawowa ba. Ana nufin a kowace shekara akwai yiwuwar kashi 1 cikin 100 ta auku, kuma wanda ya zauna a wurin shekara 30, yiwuwar ta same shi ta kai kusan kashi 26 cikin 100. Lambatun kan titi kuwa yawanci an auna su ne da ruwan da bai kai wannan ba. Kasancewa a wajen layin ma ba tabbacin tsira ba ne: a 2017, lokacin guguwar Harvey a birnin Houston na Amurka, ɗimbin gidajen da ruwa ya shiga suna wajen yankin da taswira ta nuna.

Wasu ƙasashe sun mai da gyaran taswirar ya zama doka. A Amurka, garin da aka yi aikin da ya sauya tsayin ambaliya wajibi ne ya miƙa wa hukumar agajin gaggawa ta ƙasar, wato FEMA, sababbin bayanai cikin wata shida da samun su. Tarayyar Turai, a dokarta ta 2007, ta ce a riƙa sake duba taswirorin duk shekara shida.

Yadda ake gyaran: masu safiyo su auna abin da aka gina a ƙasa, faɗinsa da zurfinsa da gangarensa, ba abin da ke cikin zanen kwangila ba, don sau da yawa sukan bambanta. Sai a haɗa da bayanan ruwan sama a lissafa a kwamfuta. A nan ne mazauna ke da rawar takawa. Duk lokacin da ruwa ya shigo, ku yi alama a bango daidai inda ya tsaya, ku rubuta ranar, ku ɗauki hoto. Injiniya na bukatar wannan shaida don ya gwada ko lissafinsa ya yi daidai da gaskiya. Ku kuma sani lissafin ya ɗauka cewa magudanar a buɗe take. Idan leda da yashi suka toshe ta, ko sabuwar taswirar ba za ta yi aiki ba.

Kafin a fito da sabuwa, ina roƙon waɗanda ke ƙasan sabon aiki kada su haƙa rijiya ko masai bisa tsohon sani. Ruwan ambaliya idan ya cika masai yakan kwashi ƙazanta ya kai cikin rijiya, daga nan kwalara da taifod ke samun ƙofa, kududdufin da ya bari kuma ya zama wurin hayayyafar sauro. Rijiyar da ambaliya ta shiga, kada a sha ruwanta sai an yashe ta an sa mata sinadarin kulorin. Kafin nan a tafasa ruwan sha. Ku je ofishin tsara gari ku tambayi shekarar da aka zana taswirar yankinku, da ko an sake ta bayan aikin. Idan ba a sake ba, ku haɗu da maƙwabta ku nemi a yi, a rubuce.