Koyar da Waƙa da Kiɗa a Makarantun Firamare na Arewacin Kamaru

Waƙa da kiɗa na cikin darussan fasaha da ake koyarwa a makarantun firamare na Kamaru, tare da zane da rawa da wasan kwaikwayo. Ma'aikatar ilimin matakin farko da ke Yawunde ita ke tsara manhajar, wadda aka sabunta a 2018. A jihohi uku na arewa, wato Adamawa da Arewa da Arewa Mai Nisa, yawancin makarantu na bin tsarin Faransanci mai aji shida, daga ajin farko (SIL) zuwa na ƙarshe (CM2). Ba a ware wa darasin malami na musamman. Malamin aji, wanda galibi ya fito daga kwalejin horon malamai ta ENIEG, shi ke koyar da lissafi da safe, ya koyar da waƙa da rana.

Waƙar da kowane ɗalibi ke fara haddacewa ita ce taken ƙasa. Ɗaliban makarantar horon malamai ta Fulasi, a kudancin ƙasar, su suka tsara shi a 1928, aka amince da shi a hukumance a 1957. Ana rera shi a tsaye lokacin ɗaga tuta. Bayansa sai waƙoƙin maci, waɗanda ake tsananta atisayensu idan bikin matasa na 11 ga Fabrairu ko bikin ƙasa na 20 ga Mayu ya gabato.

A zahiri darasin murya ne da tafi. Malami ya ba da baiti, yara su amsa, a yi ta maimaitawa har ya zauna. Sunayen sautuka, do, re, mi, akan rubuta su a allo a manyan azuzuwa, amma ba kasafai ake wuce nan ba. Kayan kiɗa na zamani sun yi ƙaranci, kuma a ajin da ya cika maƙil, benci da gwangwani da ƙwarya su ne ganguna. Wannan salo na bayarwa da amshi ba baƙo ba ne ga ɗan Hausawan Garwa ko Marwa ko Ngaundere, domin da shi 'yan mata ke gaɗa a dandali, da shi yara ke tashe cikin azumi, kunnensa kuma ya saba da rera karatu tun daga makarantar allo. Amfanin waƙar ya zarce nishaɗi: yaron da ya tashi da Hausa a gida da Fulatanci a kasuwa, sau da yawa ta bakin waƙa yake fara kama lafazin Faransanci, ko da bai san ma'anar abin da yake rerawa ba.

Abin lura shi ne yadda kiɗan yankin ya tsaya a bakin ƙofar makaranta. Algaita da kakaki da ganga na tashi a fadar lamiɗo ranar sallah, ga kalangu da goge da garaya a bukukuwa, ga sarewar mutanen duwatsun Mandara da rawar gurna ta ƙabilar Tupuri, amma da wuya a ga ɗayansu a aji. Dalili ɗaya na al'ada ne: a wurin Hausawa da Fulani kiɗa sana'ar gado ce ta makaɗa da maroƙa, kuma uba da yawa ba zai so a ce ɗansa ya je boko ya dawo da kalangu a hammata ba. Wasu iyayen kuma ƙyamarsu ta addini ce, ko da yake ba su hana ƙasidun yabon Annabi da ake koyarwa a makarantun Islamiyya.

Dokar ilimi ta 1998 ta ambaci bunƙasa harsunan ƙasa, manhajar 2018 kuma ta ba harsuna da al'adun gida gurbi. Ta wannan kafa ce wasu malamai ke sa kowane yaro ya kawo waƙa daga gidansu ya koya wa 'yan ajinsu.