Gida mai aljanu

Gida mai aljanu shi ne gidan da mazauna ko maƙwabta suka yi imanin akwai wata halitta ta ɓoye da ke zaune a ciki tana damun mutane. Alamomin da aka fi ambata su ne jifa a kan kwano da tsakar dare, ƙarar daka ko kukan jariri a ɗakin da babu kowa, ɓacewar kaya, da gobarar da ba a san mafarinta ba. Kango da gidan da ya daɗe a rufe sun fi samun wannan suna, musamman idan akwai tsamiya ko kuka a tsakar gidan.

A Turai da Amurka akan ce mamaci ne ya dawo gidansa. Hausa ma tana da kalmar fatalwa, amma tana da ƙarfi ne a tatsuniya da hira. Malamai suna kafa hujja da Suratul Muminun, aya ta 99 da ta 100, cewa tsakanin mamaci da duniya akwai barzahu har ranar tashi. Don haka wanda ya ce ya ga marigayi a zaure, amsar da zai samu ita ce aljani ne ya ɗauki kamanninsa. Wannan bambanci shi ke tsara yadda ake magance matsalar: ba a neman kwantar da ran mamaci, ana sallamar baƙo ne.

Abu na farko karatu ne. A hadisin Abu Huraira da Muslim ya ruwaito, Shaiɗan yana gudu daga gidan da ake karanta Suratul Baƙara. Ana haɗawa da Ayatul Kursiyyu da Falaƙi da Nasi. Mai ruƙiya kan tofa a ruwa, wani lokaci da ganyen magarya, a yayyafa a kusurwoyin ɗakuna, a turara habbatus sauda ko tazargade. Akwai kuma gargaɗi. Muwaɗɗa ta Imam Malik ta kawo labarin wani saurayi sabon ango a lokacin yaƙin Handaƙ, wanda ya soke maciji a ɗakinsa, shi ma ya faɗi matacce. Daga nan aka umarci mutanen Madina su yi wa macijin gida gargaɗi na kwana 3 kafin su kashe shi, domin yana iya zama aljani ne. Malikawa da dama sun taƙaita hukuncin ga Madina, wasu malamai kuma sun game shi.

Masu bori da bokaye suna bin wata hanya, ta lallashin iskoki da yanka ko sadakar da aka ce sun nema. Malamai suna ɗaukar yankan shirka.

Likitoci suna da nasu bayanin. Dannau, wato mutum ya farka ya kasa motsi yana jin an danne masa ƙirji, yanayin barci ne sananne. Hayaƙi mai guba ya fi shi haɗari. A 1921 likitan ido William Wilmer ya wallafa labarin wani iyali a Amurka da ke jin takun sawu, suna ganin mutane a gefen gado, ga ciwon kai da kasala. Da aka duba, murhun ɗumama gidan ne ya lalace yana fitar da iskar kabon monoksaid, mara launi mara wari. Irin iskar ce ke fita daga janareta da kaskon gawayi idan aka shigar da su ɗaki aka rufe taga lokacin hunturu.